Ƙadangaren da Ke Nutso Cikin Yashi: Mazauninsa da Danginsa a Gaɓar Namib

A kudu maso yammacin Afirka, gaɓar Tekun Atlantika, akwai wuraren da tuddan yashi ke gangarowa har cikin ruwa, babu itace babu ciyawa tsakaninsu da igiyar teku. A jikin waɗannan tuddai wani ɗan ƙaramin ƙadangare ke zaune, wanda masana suka laƙaba wa suna Meroles anchietae. Jikinsa, in ba a haɗa da wutsiya ba, wajen santimita 5 ne, nauyinsa kuwa 'yan giram ƙalilan. Da ya ji motsin abin tsoro sai ya sheƙa a guje, ya soka kai cikin yashi, kafin ƙiftawar ido ya ɓace ƙurmus. Masu kallon shirye-shiryen namun daji sun fi saninsa da rawar da yake yi a kan yashi mai zafi, yana ɗaga ƙafar gaba ɗaya da ta baya ɗaya, ya sauke, ya ɗaga sauran biyun. Rawar tana da ban sha'awa, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙanƙantar wurin da ya zaɓa ya zauna. Wannan ɗan wuri shi ya yanka masa iyakar ƙasarsa, shi ya ƙera masa jiki, shi kuma ya rikita masu rarraba halittu fiye da shekara ɗari.

Littattafai kan ce mazauninsa hamadar Namib. Gaskiya ne, sai dai maganar ta yi faɗi da yawa. Namib ta miƙe kusan kilomita 2,000, daga kudancin Angola, ta ratsa gaɓar Namibiya baki ɗaya, ta leƙa Afirka ta Kudu, kuma mafi yawanta ba yashi ba ne. Akwai filayen tsakuwa shimfiɗe iya ganinka, akwai duwatsu, akwai kwarin koguna da suka ƙafe, akwai fadamun gishiri. Duk waɗannan wurare, ƙadangaren namu ba ya taka su. Ko cikin yankin yashin ma ba ko'ina yake zama ba.

Sai an fahimci yadda tudun yashi yake kafin a gane zaɓinsa. Kowane tudu da iska ta tara yana da fuska biyu. Gefen da iska ke bugawa kwantacce ne, yashinsa ya daddale, mutum zai iya tafiya a kai ba tare da ƙafa ta nutse sosai ba. Iska tana kwasar yashi daga nan ta haura da shi ƙololuwa, ya zuba ta baya. Wannan gefen na baya shi ne mai tsananin gangare, wajen digiri 32 zuwa 34, kuma yashinsa sako-sako ne, kullum cikin zamewa yake. Duk wanda ya taɓa juye buhun gero a ƙasa ya ga yadda tsibin ke tsayawa a wani mizani, in an ƙara masa ko kaɗan sai gefen ya zame. Haka yashin nan yake. Bari mu kira shi gangaren zuba. A nan, da ɗan abin da ke kewaye da shi sama da ƙasa, Meroles anchietae ke yin kusan dukkan rayuwarsa.

Me ya kai shi wurin da ko ciyawa ba ta iya kafa saiwa? Abu na farko mafaka. Ba ya haƙa rami, don rami ba ya tsayawa a irin wannan yashi. Nutso yake yi, kuma nutso ba ya yiwuwa sai inda yashin bai daddale ba. Tsakanin ƙwayoyin yashi sako-sako akwai isasshiyar iska da zai ci gaba da numfashi, shi ya sa yake kwana a binne, yake kuma wuni a binne idan rana ta yi tsanani. Abu na biyu abinci, kuma nan ne lamarin ya fi ƙayatarwa. Bayan tudu wuri ne da ƙarfin iska ke karyewa, don haka duk abin da ta ɗauko daga nesa nan take sauke shi: busassun ganye, ƙaiƙayin ciyawa, 'ya'yan ciyawa, gawarwakin ƙwari. Wannan tarkace yana taruwa a gindin gangaren, ƙananan ƙwari su zo ci, ƙadangare ya zo cin ƙwarin. Wurin da ido ke gani kamar kufai, a cikin tuddan shi ne inda abinci ya fi taruwa.

Ƙadangaren ba a ƙwari kaɗai ya tsaya ba. Binciken da aka yi a kewayen Gobabeb, wata tashar bincike da ke cikin hamadar a Namibiya, musamman na Michael Robinson da abokan aikinsa tun daga shekarun 1970, ya nuna cewa idan fari ya yi tsawo ƙwari suka yi wuya, yakan koma cin 'ya'yan tsirrai da iska ta kawo. Wannan ba ɗabi'a ce da aka saba gani wajen danginsa ba, waɗanda kusan dukkansu maciya ƙwari ne. Tsirran da ke iya rayuwa a cikin tuddan ba su da yawa: akwai wata doguwar ciyawa mai tsini, Stipagrostis sabulicola, da wani tsiro mai ajiye ruwa a ganye, Trianthema hereroensis, sai kuma nara, ƙaya mai 'ya'ya irin na guna wadda mutanen Topnaar na kwarin kogin Kuiseb ke tsinka tun kaka da kakanni. Da yake gangare mai tara tarkace da yawa dukiya ce, mazan ƙadangarun kan yi faɗa a kansa, wanda ya fi ƙarfi ya riƙe wurin tare da matan da ke ciki. Macen kuwa ƙwai ɗaya ko biyu take yi a lokaci guda, manya idan aka gwada da jikinta, kuma ba ta jiran damina, tunda damina a can ba abin dogaro ba ce.

Sai batun ruwa. A Walvis Bay da Swakopmund, garuruwa biyu na gaɓar Namibiya, ruwan sama na shekara guda bai cika kai milimita 20 ba. Dalilin wannan fari shi ne kuma dalilin rayuwar wurin. Wani ruwan sanyi mai suna Benguela yana gudana a teku daga kudu zuwa arewa yana bin gaɓar, iska kuma tana tura ruwan saman teku gefe, na ƙasa mai tsananin sanyi ya taso. Iskar da ke kan wannan ruwa tana yin sanyi ta yi nauyi, ba ta iya tashi sama ta haɗa hadari. Amma idan iska mai laima ta ratsa kan ruwan sanyin sai laimar ta zama hazo. Kada mai karatu ya ɗauka hazon hunturu ne mai ƙura da busar da leɓe. Wannan jiƙaƙƙen hazo ne, ɗigon ruwa ne ƙanana rataye a iska. A tsakiyar gaɓar yakan sauka fiye da kwana 100 a shekara, da dare ko da asuba, wani lokaci ya kutsa cikin ƙasa har kusan kilomita 100 kafin rana ta kore shi. Akwai buzuzun da ke hawa ƙololuwar tudu ya yi goho, hazon ya taru a bayansa ya gangaro bakinsa. Ƙadangaren yana lasar ɗigon da ya kwanta a kan yashi da tsirrai, yana kuma samun wani ruwan daga jikin ƙwarin da suka riga suka sha hazon. Don haka kiransa ƙadangaren gaɓar teku bai zama kuskure ba ko da an same shi nesa da ruwa, kamar a Gobabeb mai nisan wajen kilomita 60 daga gaɓa. Ko a can tekun ne ke shayar da shi.

Zafi shi ke tsara masa yini. Da safe yashi na da sanyi, ba ya fitowa sai ya ɗumama. Yana fita ya yi kiwo, kuma yayin da rana ke ɗagawa saman yashin yana ƙara zafi har yakan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin da zai kashe shi cikin ɗan lokaci. Tsakanin nan ne rawar ke shigowa. Yana miƙe dogayen ƙafafunsa ya nisanta cikinsa daga ƙasa, ya riƙa ɗaga ƙafa biyu-biyu suna shan iska, don ya ƙara 'yan mintuna na neman abinci. In abin ya fi ƙarfin rawa sai ya nutse, domin taƙi ɗaya ƙasa da saman yashi akwai sanyin da ba ya canzawa sosai. Da la'asar ya sake fitowa. A waɗannan sa'o'i na kiwo ne maƙiyansa ke dakonsa: tsuntsaye daga sama, daga ƙasa kuma wani ɗan maciji, Bitis peringueyi, ɗan gida ɗaya da kasa da muka sani, sai dai shi da ƙyar yake kai santimita 30. Macijin yakan binne kansa cikin yashi ya bar idanu kawai a waje, idanun ma a saman kansa suke, kuma ƙadangarun tuddai su ne babban abincinsa.

Idan aka gane cewa gangaren zuba ne ainihin gidansa, taswirar yaɗuwarsa sai ta fito da kanta. Ana samunsa daga kudu maso yammacin Angola zuwa kudancin Namibiya, wajen duwatsun Klinghardt, kuma babu shi a wata ƙasa ban da waɗannan biyu. Amma ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Babban tarin yashin yana tsakanin garin Lüderitz da kogin Kuiseb, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2013, mai faɗin fiye da hekta miliyan 3, inda wasu tuddai ke kai mita 300. Kuiseb kogi ne da ke bushe mafi yawan shekara, amma ambaliyar da yake yi jefi-jefi tana wanke yashin da ya gangaro cikin kwarinsa, shi ya sa a hoton tauraron ɗan'adam za ka ga jan yashi ya tsaya cak a bakin kogin, tsallakensa kuwa farin filin tsakuwa. Ta bakin teku ne kawai wani siririn zirin tuddai ya samu ya wuce, daga Walvis Bay zuwa Swakopmund. Daga nan sai tsakuwa ta karɓe ƙasa na ɗaruruwan kilomita, kafin yashi ya sake bayyana a gaɓar da ake kira Skeleton Coast saboda ƙasusuwa da ɓarakuzan jiragen ruwa da ke warwatse a wurin. Akwai wani tarin a kudu da kogin Kunene, akwai kuma na tsallaken kogin, cikin Angola, wanda ya miƙe har kogin Curoca. Ƙasar wannan ƙadangare tsibirai ce ta yashi, kuma filin tsakuwa a wurinsa shinge ne, tunda a can ba shi da wurin ɓuya.

Yashin kansa baƙo ne, abin da ba kowa ke lura da shi ba. Mafi yawansa kogin Orange ne ya kwaso shi daga tsaunukan Lesotho da tsakiyar Afirka ta Kudu ya zuba a teku. Igiyar ruwa ta tura shi arewa tana bin gaɓa, iskar kudu maso yamma kuma ta sake kwaso shi ta mayar kan tudu. Masana duwatsu sun bi sawun yashin Orange har cikin Angola, kuma wani bincike na 2010 ya nuna cewa ƙwayar yashi kan ɗauki aƙalla shekara miliyan ɗaya tana ratsa babban tarin daga kudu zuwa arewa. Tuddan bakin teku farare ne, na can ciki jajaye, saboda tsatsar ƙarfe da ke lulluɓe ƙwayoyin. Wannan daɗewa tana da muhimmanci ga maganarmu. Ana lissafa Namib cikin tsofaffin hamadun duniya, ana cewa yankin ya shafe aƙalla shekara miliyan 55 cikin fari ko kusa da fari, kuma halitta ba ta ƙwarewa irin wannan ƙwarewar sai wurin ya daɗe yana nan.

Ta fuskar kariya, ƙadangaren ya yi sa'a. Kusan dukkan gaɓar Namibiya tana cikin gandun da hukuma ke tsarewa: Tsau ǁKhaeb a kudu, yankin da Jamusawa suka rufe tun 1908 saboda lu'ulu'u, sai Namib-Naukluft, sai Dorob da aka kafa a 2010, sai Skeleton Coast, a Angola kuma akwai gandun Iona. Ba ya cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Inda na ga abin damuwa shi ne zirin nan na Walvis Bay zuwa Swakopmund, wurin shaƙatawar masu tseren motoci da babura masu ƙafa huɗu. Mai sha'awar wannan wasa gangaren zuba yake nema, don nan ne abin ke da armashi, kuma nan ne dabbar ke kwance ƙasa da taƙi ɗaya. Dokokin Dorob sun ware wuraren da aka yarda a yi tuƙi da waɗanda aka hana, kuma a ganina wannan rabon ya dace, in dai ana bin sa.

Yanzu ga batun dangi, wanda shi ne ya fi sarƙaƙiya. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ƙadangare daban, kulɓa daban, tsaka daban, damo da guza da hawainiya kowa da gidansa, kuma masana ma dangi-dangi suka raba su. Jan-gwada da ke gyaɗa kai a kan katanga ɗan dangin Agamidae ne. Na Namib kuwa ɗan Lacertidae ne, dangi mai nau'i fiye da 300 da suka bazu a Turai da Asiya da Afirka, mafi yawansu sirara masu doguwar wutsiya da saurin gudu. A cikin wannan dangi yana reshen Eremiadini, reshen da ya fi yawa a busassun ƙasashen Afirka da Asiya. A nan akwai alaƙa ta gaskiya da yankinmu: ƙananan ƙadangarun gidan Acanthodactylus da Latastia, masu wulgawa a guje cikin jigawa a Nijar da arewacin Nijeriya, 'yan wannan reshe ne. Su ne 'yan'uwansa na kusa a ƙasarmu, sun fi jan-gwada kusanci da shi nesa ba kusa ba.

Tarihin sunansa ya faro ne daga wani ɗan Fotugal, José de Anchieta, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana yawo a Angola yana tattara tsuntsaye da dabbobi yana aikawa Lisbon, har ya rasu a can a 1897. Wanda ke karɓar kayan shi ne José Vicente Barbosa du Bocage, shugaban sashen dabbobi na gidan tarihin Lisbon. A 1867 Bocage ya bayyana wannan ƙadangare ga masana, ya sa masa sunan wanda ya aiko shi, ya kuma ƙirƙira masa gida na kansa, Pachyrhynchus. Sai dai dokar sunayen dabbobi ba ta yarda gida biyu su ɗauki suna ɗaya ba, kuma an riga an ba wasu halittu wannan sunan. A 1887 George Albert Boulenger, ɗan Beljiyam da ke aiki a gidan tarihin Landan, ya sauya shi da Aporosaura. Ma'anar sunan ita ce ƙadangare marar ƙofofi, kuma tana nuni ga hujjar ware shi: 'yan Lacertidae suna da jerin ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin cinya da ke fitar da wani maiƙo mai ƙamshi, wanda ake ganin da shi suke barin alama ga junansu, shi kuwa wannan ba shi da su. Abin takaici, gobarar 1978 ta cinye tarin dabbobin gidan tarihin Lisbon, har da mafi yawan abin da Anchieta ya kwashe rayuwarsa yana tarawa.

Ba a ga laifin Bocage da Boulenger ba, don duk wanda ya riƙe dabbar a hannu zai ce ba ta da ɗan'uwa. Hancinta faffaɗa ne mai kaifin baki kamar shebur. Muƙamuƙin ƙasa ya shige ƙarƙashin na sama yadda yashi ba zai shiga baki ba lokacin nutso. Yatsun ƙafa dogaye ne, gefensu da jerin ɓawo kamar haƙoran mataji, wanda ke hana ƙafa nutsewa lokacin gudu. Fatar kuma launin yashi ce mai ɗan ƙyalli, da baƙaƙen zane a wutsiya. Fiye da shekara ɗari Aporosaura anchietae ya zauna shi kaɗai a gidansa, kuma duk rubuce-rubucen farko da suka fito daga tashar bincike ta Gobabeb, wadda masanin ƙwari Charles Koch ya kafa a 1962, da wannan suna suka kira shi. Mai neman tsofaffin bayanai a kansa dole ya san sunayen biyu.

Wanda ya rushe wannan kaɗaici shi ne Nicholas Arnold na gidan tarihin halittu da ke Landan. A ayyukansa na wajen 1989 zuwa 1991 ya jera ƙadangarun gidan Meroles, gidan da John Edward Gray ya raɗa wa suna tun 1838, ya duba ƙashinsu da ɓawonsu da sauran sassan jiki, sai ya ga ba a warwatse suke ba, matakala ce. A ƙasan matakalar akwai irin su Meroles knoxii da Meroles suborbitalis, masu zama a ƙasa mai ɗan tauri, hancinsu a dunƙule, masu ɓuya a rami ko gindin tsiro. Sama da su akwai Meroles reticulatus na yashin gaɓar arewa. Sai waɗanda suka ƙara shiga yashi, ctenodactylus da micropholidotus da cuneirostris, hanci na ƙara kaifi, matajin yatsu na ƙara tsawo. A can ƙarshe sai anchietae. Abubuwan da aka ɗauka shaida ce ta cewa shi baƙo ne, ashe ƙarshen wata tafiya ce da 'yan gidansu suka faro tare. Rashin ƙofofin cinya ma ana iya fahimtarsa haka, ko da yake wannan hasashe ne: alamar ƙamshi ba ta da amfani a kan ƙasar da iska ke sharewa kowace sa'a. Arnold ya ce in aka bar shi a gidansa na daban, an cire reshe ɗaya daga tsakiyar bishiya an kira shi wata bishiya. Aka soke Aporosaura, aka mayar da shi Meroles.

Akwai dalilin yin taka-tsantsan da irin wannan hujja ta siffar jiki, domin yashi kan ƙera halittu iri ɗaya a ko'ina. Ƙadangarun gidan Uma na hamadun Amurka ta Arewa suna da matajin yatsu da hanci mai kaifi. Kulɓar yashi ta Sahara, Scincus scincus, tana iyo a ƙarƙashin rairayi da muƙamuƙi irin wannan. Babu ɗaya cikinsu da ya gaji siffar daga kaka ɗaya da na Namib, kowa da kansa ya iso gare ta. To ta ina aka san 'yan Meroles ba haka suka yi ba? Sai da aka koma ga ƙwayoyin gado, wato DNA, waɗanda yashi ba ya sassaƙa su yadda yake sassaƙa hanci. Binciken Trip Lamb da Aaron Bauer na 2003, wanda ya haɗa dukkan nau'o'in gidan da aka sani a lokacin, ya tabbatar da cewa anchietae ɗan Meroles ne, ya kuma goyi bayan mafi yawan matakalar Arnold.

Ƙwayoyin gadon sun zo da wani labarin da siffa ba ta taɓa nunawa ba. Akwai wani ƙadangare mai kaushin ɓawo da ke zaune a dazuzzukan ciyawa na kudancin Afirka, nesa da teku da tuddai, wanda aka daɗe ana kira Ichnotropis squamulosa saboda kamarsa da 'yan wancan gida. Bincike biyu, na 2012 da na 2013, suka nuna cewa jininsa na Meroles ne. Aka sauya masa suna zuwa Meroles squamulosus, gidan ya koma nau'i takwas. Kuskuren da aka yi a kansa kishiyar na anchietae ne: shi an haɗa shi da bare saboda sun yi kama, wancan an raba shi da 'yan'uwansa saboda bai yi kama da su ba, kuma a duka biyun irin ƙasar da dabbar ke takawa ce ta jawo ruɗanin.

A kudancin tuddan Namib ana iya ganin wannan rabo da ido a kan tudu guda. Meroles cuneirostris yana gindin tudu da kwarin da ke tsakanin tuddai, inda ciyawa ta ɗan kama yashi, yana farautar ƙwari a tsakanin kututturan ciyawa. 'Yan mitoci sama da shi, inda ciyawar ta ƙare yashi ya fara zamewa, yankin anchietae ya fara, kuma ba kasafai ɗaya ke daɗewa a wurin ɗayan ba.